Tarhon Ofis Da Layin Ko-Ta-Kwana

Cikin watan Yuli na 2024 hukumar da ke lura da harkokin sadarwa a Birtaniya, watau Ofcom, ta ci kamfanin tarho na BT tarar fam miliyan 17 da rabi. Laifin da ya jawo wannan tara ya auku ne ran Lahadi 25 ga watan Yuni na 2023, lokacin da lambar neman agajin gaggawa ta ƙasar, 999, ta rikice tun da sassafe har bayan la'asar, kimanin sa'a goma da rabi. Kusan kira 14,000 ne suka kasa shiga a wannan wuni. Masu kiran kuwa mutane ne da ke neman motar asibiti, ko 'yan kwana-kwana, ko 'yan sanda.

Abin lura a cikin wannan magana shi ne kamfanin BT yana da na'urorin ko-ta-kwana. An saye su, an kafa su, an kuma rubuta a takarda cewa idan na farko suka tsaya za a juya kira zuwa gare su. Amma da ranar ta zo, binciken Ofcom ya nuna cewa yunƙurin farko na juyawar bai yi nasara ba, domin takardar da ke bayyana yadda za a yi aikin ba ta fito sosai ba, ma'aikatan da ke bakin aiki kuma ba su saba da shi ba. Da aka samu aka juya daga baya, sai aka tarar na'urorin ko-ta-kwanan ba su da ƙarfin ɗaukar yawan kiran da ke shigowa. Asalin ɓarnar kuwa kuskure ne a cikin fayil guda na wata kwamfuta.

Wannan labari ya shafi ma'aikatun gwamnati da kamfanoni na ƙasar nan kai tsaye, domin irin tarhon da ake kafawa a ofisoshi ya canja. A zamanin ma'aikatar gidan waya da tangarahu, da zamanin NITEL bayanta, kowane tarho yana da wayarsa ta jan ƙarfe wadda ta taso daga tashar tarho ta gari har kan teburin ma'aikaci. Wutar da ke sa shi ƙara ma daga can tashar take zuwa, daga manyan baturan da ke ba da bolt 48, shi ya sa ko an ɗauke wuta a unguwa akan ɗaga tarho a ji shi da rai. Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani sun san irin wahalar samun layi da jiran mai gyara, ba sai an tuna masu ba. Duk da haka tsarin yana da sauƙin fahimta: in layi ya mutu, layi ɗaya ne ya mutu.

Tarhon da bankuna da asibitoci da manyan ofisoshi ke saye a wannan zamani ya bi ta intanet. Muryar mai magana ana yayyanka ta ƙanana-ƙanana, a aika da ita ta hanyar da wasiƙun kwamfuta ke bi. Aikin da akwatin rarraba kira da ma'aikaciyar tarho ke yi a da, watau karɓar kira daga waje a haɗa shi da ofishin da ake nema, ya koma hannun wata kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda ko dai tana cikin wani ɗaki a ginin ma'aikatar, ko kuwa tana can wata ƙasa a hannun kamfanin da aka yi haya wurinsa. Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Yana da araha, ana ƙara layi ba tare da haƙa rami ba, ma'aikacin da ke reshen Kano kuma yana kiran na reshen Ikko kamar suna gini ɗaya. Sai dai kira guda yanzu ya dogara ga abubuwa da yawa a jere: wutar lantarkin ofis, na'urar da ke haɗa wayoyin cikin gini, na'urar da ke fita da su waje, layin kamfanin intanet, uwar garken kanta, sa'an nan kamfanin da ke sada ta da sauran lambobin duniya. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya, duk tarhon ginin sun yi shiru a lokaci guda, tun daga na Babban Sakatare har na maigadi.

Maganin da masana suka sani tun da daɗewa shi ne a riɓanya duk abin da in ya tsaya kome zai tsaya. Direban da ya san hanya ba ya barin tasha ba safaya. Amma kafin a zo ga yadda ake riɓanyawa, ya kamata jami'in da ke sa hannu a takardar kwangila ya iya karanta alƙawarin da 'yan kwangila ke rubutawa, domin a nan ake fara yaudarar mai saye.

Galibi sukan rubuta cewa layinsu zai yi aiki kashi 99 cikin ɗari na lokaci, wanda ba shi da masaniya kuwa sai ya ɗauka an ba shi abin kirki. In aka zauna da alƙalami za a ga kashi ɗaya cikin ɗari na shekara kwana uku ne da rabi da 'yan kai. Watau ɗan kwangila yana iya barin asibiti ba tarho har kwana uku a shekara bai karya alƙawari ba. Kashi 99.9 yana nufin kusan sa'a tara a shekara. Ma'aunin da manyan kamfanonin tarho suka daɗe suna auna kansu da shi shi ne kashi 99.999, wanda bai bar wa lalacewa fiye da minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi a shekara ba. Tsakanin 99 da 99.999 a takarda ɗigo ne da lambobi uku. A ɗakin haihuwa da tsakar dare tazarar ta fi haka.

Wannan lissafi shi ne kuma ke nuna amfanin layi biyu. In ofis ya ɗauki layi daga kamfanoni biyu, kowanne yana aiki kashi 99, to yiwuwar su mutu tare ɗaya ce cikin dubu goma, watau ƙasa da sa'a guda a shekara. Layi biyu masu matsakaicin kyau sun fi layi ɗaya mai tsada. Amma akwai sharaɗi, kuma a kan wannan sharaɗi ne yawancin masu saye ke tuntuɓe: lissafin yana tsayawa ne kawai in abin da zai kashe na farko ba zai taɓa na biyu ba.

Afirka ta Yamma ta ga misalin wannan da idonta ran 14 ga watan Maris na 2024. A ranar wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, suka lalace kusan lokaci guda a daura da gaɓar Kwaddebuwa, ana zaton saboda motsin ƙasa a ƙarƙashin ruwa. Kamfanoni dabam-dabam ne ke da su, an shimfiɗa su a shekaru dabam-dabam, a takarda kuma kowacce madadin 'yar'uwarta ce. Amma duka sun ratsa yanki ɗaya na teku. Intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har da Ghana da Nijeriya, masu hulɗa da wasu bankuna suka kasa aika kuɗi, gyara kuwa ya ɗauki makonni, domin sai an kawo jirgin ruwa na musamman. Waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu hanyar juyawa zuwa wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Equiano da Glo-1. Ofishin da uwar garkensa ke Turai, a irin wannan rana ko ofishin da ke maƙwabtaka da shi yana iya gagararsa kira.

Abin da ya faru a teku yana faruwa kullum a kan tudu, sai dai ba ya shiga labarai. Ma'aikata takan biya kamfanoni biyu kuɗin layi, alhali kuwa na biyun haya yake yi a kan wayar na farkon, ko kuma dukansu sun bi rami ɗaya a gefen titi, sun shiga gini ta kafa ɗaya. Ranar da katafilar masu gyaran hanya ta sa haƙori a wurin, sai a gane kuɗin layi biyu ake biya a kan layi ɗaya. Don haka tambayar da ta kamaci jami'in saye ta wuce sunan kamfani. Sai ya nemi taswirar hanyar da kowace waya ta bi, a kuma rubuta ta cikin kwangila. In ba a samu rami biyu ba, gara na biyun ya zama iri dabam ɗungum, kamar na rediyo daga hasumiya, ko na wayar hannu, ko na tauraron ɗan'adam.

Haka zancen yake ga uwar garke. Hanya biyu ake bi wajen riɓanya ta. Ta farko, ɗaya tana aiki ɗaya tana jira, suna aika wa juna ɗan saƙo a kai a kai kamar bugun zuciya, in mai jira ta daina jin 'yar'uwarta sai ta karɓi aikin. Ta biyu, dukansu suna aiki tare suna raba kira, in ɗaya ta faɗi sai ɗayar ta ɗauki kayan duka. Ta biyun ta fi tsada, amma tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba, ita ce kullum ana ganin kowacce tana da rai. Mai jira kuwa tana iya mutuwa shiru wata shida ba wanda ya sani. Ko a hanya ta biyun akwai tarko: in kowacce tana ɗauke da kashi saba'in na ƙarfinta a ranar lafiya, to ranar da ɗaya ta faɗi ragowar ba za ta iya da kashi ɗari da arba'in ba. Irin wannan ƙarancin ƙarfi ne aka samu a na'urorin ko-ta-kwana na BT.

Inda aka ajiye su ma abin dubawa ne. Uwar garke biyu a ɗaki ɗaya, a kan wayar wuta ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya mai yoyo, ba su tsare kowa daga gobara ko ambaliya ba. Dattawan ma'aikata ba su manta da gobarar da ta kama dogon ginin NET a Ikko cikin watan Janairu na 1983 ba, da yadda hulɗar ƙasar nan da ƙasashen waje ta tarho ta shiga wani hali saboda an tara kayan aikin a gini guda. Ta biyun sai ta kasance a wani gini, in da hali ma a wani gari.

Akwai kuma wata ɓarna wadda riɓanya na'ura ba ya maganinta, ita ce kuskuren da ke cikin umarnin da aka ɗora wa na'urorin. In tagwayen na'urori suna ɗauke da manhaja iri ɗaya, cutar da ta kama ɗaya za ta kama ɗayar. Ran 15 ga watan Janairu na 1990 manyan tashoshi 114 na kamfanin AT&T a Amurka suka yi ta kayar da juna har kusan sa'a tara saboda ɗan kuskure a sabuwar manhajar da aka sa masu duka. Babu wayar da ta tsinke, babu ginin da ya ƙone.

Abin da ya sami kamfanin Rogers na Kanada ran 8 ga watan Yuli na 2022 ya fi dacewa da wannan zamani, ya kuma cancanci a tsaya a kansa. Injiniyoyin kamfanin suna cikin aikin inganta na'urori da asuba sai aka cire wani matacin da ke hana bayanan hanya yin ambaliya zuwa manyan na'urorin tsakiya. Bayanan suka kwararo, na'urorin suka shaƙe, suka tsaya. Da yake wayar hannu da wayar gida da intanet na kamfanin duk a kan cibiya ɗaya suke, sai duk suka tafi tare. Mutane fiye da miliyan 12 abin ya shafa. Tsarin biyan kuɗi da kati na Interac ya tsaya a ƙasar, kantuna suka koma karɓar tsabar kuɗi, wasu masu neman agaji suka kasa samun lambar 911, wasu kuma ba su sami layi ba sai washegari. Ɗan kasuwar da ya ɗauki wayar hannu ta Rogers don ta zama madadin tarhon ofishinsa na Rogers, a ranar ya gane abu ɗaya ya saya sau biyu.

Abin da ya tsawaita wahalar ya fi asalin kuskuren ban mamaki. Hanyar da injiniyoyin ke bi su shiga na'urorin daga nesa don gyara, ita ma a kan cibiyar da ta mutu take. Wayoyin da za su kira juna da su kuma na kamfaninsu ne, har sai da aka nemo masu katin waya na wasu kamfanoni. Mabuɗin ɗaki ke nan aka kulle a cikin ɗakin. Daga baya kamfanin ya yi alƙawarin raba cibiyar wayar hannu da ta wayar gida, cikin watan Satumba na wannan shekara kuma manyan kamfanonin tarho na Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar taimakon juna, ciki har da ɗaukar kiran gaggawa na wanda ya faɗi.

A ƙasar nan, kafin a kai ga teku ko manhaja, wuta ce ke fara kayar da tarho. Cikin watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu, domin an riga an lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sa'an nan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya sami matsala. Tarhon intanet ba ya samun wuta daga tashar gari kamar na da. Kowace na'ura da ke tsakanin tebur da titi tana bukatar batir mai riƙe ta daga ɗaukewar wuta zuwa tashin janareto, in ba haka ba duk kiran da ake ciki ya yanke, na'urorin kuma su ɗauki mintoci kafin su dawo hayyacinsu. Batir kuwa yana tsufa, zafi yana gaggauta tsufansa. Sau da yawa akan ga akwatinsa a lungu yana nuna koren haske alhali ba zai riƙe minti biyu ba.

Masu riƙe da baitulmali za su ce duk wannan kuɗi ne, gaskiyarsu kuwa. Layi na biyu ana biyansa kowane wata ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba, mai binciken kuɗi kuma in ya ga na'ura a ajiye ba ta aiki yakan ɗiga mata alamar tambaya. Ba kowane ofis ne ya cancanci wannan ɗawainiya ba. Ofishin ajiye tsofaffin fayiloli zai iya kwana ba tarho duniya ba ta tashi ba. Amma ɗakin karɓar marasa lafiya na gaggawa, da ofishin 'yan kwana-kwana, da cibiyoyin da ke amsa lambar 112, da ɗakin kula da tashin jirage, da teburin da mai ajiya a banki ke kira don a rufe katinsa da aka sace, waɗannan lissafinsu dabam ne. Abin da ake bukata daga kowace ma'aikata shi ne ta zauna ta jera layukanta bisa ga abin da za a rasa in sun yi shiru na sa'a guda, ta zuba kuɗin a kan na sama. Abin takaici, a ofisoshi da yawa jerin yakan bi girman kujera ne, layi mafi kyau ya tafi ofishin shugaba, na teburin da jama'a ke kira kuwa a bar shi da abin da ya samu. Su kuma masu binciken kuɗi ya kamata a sanar da su cewa na'urar ko-ta-kwana kamar motar kashe gobara take, zamanta a ajiye shi ne aikinta.

Saye kuwa shi ne ɓangare mai sauƙi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata ya zama doka a kowace ma'aikata mai irin wannan tsari cewa aƙalla sau ɗaya cikin wata uku, a lokacin da aiki ya yi sauƙi, a zare layi na farko da gangan, a kashe uwar garke ta farko da gangan, a tsaya da agogo a ga ko ta biyu ta karɓa, da mintocin da ta ɗauka, da ko ta iya da yawan kira. A rubuta sakamakon, shugaban sashe ya sa hannu. Wanda zai yi gwajin kuma kada ya zama injiniyan da ya kafa na'urorin, domin ranar ɓarna mai yiwuwa yana hutu ko an yi masa canjin wurin aiki. Ƙaramin ma'aikacin da ke aikin dare shi ne zai yi, da takardar umarni a hannunsa, in ya kasa fahimtarta to takardar ce za a gyara. Ɗan kwangilar da ya ƙi yarda a kashe na'urarsa a gabansa kafin a biya shi ya riga ya ba da amsar gwajin.

Akwai kuma tanadin da ba ya cin kuɗi mai yawa, wanda ko ƙaramin kamfani zai iya. Yawancin kamfanonin tarhon intanet suna da hanyar da in ofis ya ɓace masu sai su karkatar da kiransa zuwa lambar wayar hannu da aka ba su tun farko, amma sai an nema an kuma gwada. Wannan waya ta zama ta ofis, a ajiye ta da caji a teburin mai aiki, katinta kuma na kamfanin da ba shi ke ba ofishin intanet ba. Lambobin injiniyoyi da na kamfanonin layi a rubuta su a takarda a manna a bango, domin in suna cikin kwamfutar da ta mutu ba su da amfani.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da abin koyi a wurin takwarorinta. Ofcom da hukumar Kanada sun fito da sakamakon bincikensu a fili, da dalilin ɓarna da abin da ya tsawaita ta, shi ya sa har ɗalibin injiniya a Zariya ko Bauci zai iya karantawa ya ƙaru. Ya kamata duk wata babbar yankewar layi a ƙasar nan ta sami irin wannan rahoto. Makarantun koyon sana'a da jami'o'i kuma su riƙa sa ɗalibai su kafa ƙaramin tsarin tarho a ɗakin gwaji, malami ya zare waya guda ba tare da ya faɗa masu wacce ba, a ba da maki bisa ga mintocin da suka ɗauka kafin kira ya sake shiga.